“An yi mana, mu ma sai mun yi”: Wa zai tsinke sarƙar?

A kusan kowace makarantar kwana akwai wata doka da ba a manna ta a allon sanarwa ba, ba a karanta ta a asambili, amma kowane ɗalibi ya haddace ta tun kafin zangon farko ya ƙare. Dokar ita ce: an yi mana, mu ma sai mun yi. Ɗan aji ɗaya zai ɗebo wa siniya ruwan wanka da asuba, ya wanke masa kaya, ya miƙa garin kwakinsa da sukarinsa ba don yana so ba, ya yi tsallen kwaɗo a kan laifin da bai san lokacin da ya aikata ba. Yana share hawaye yana lissafi: saura shekara biyar. Ranar da Allah Ya kai shi aji shida sai ya buɗe littafin bashi. Sai dai wanda ya ci bashin ya daɗe da barin makarantar, yana jami'a ko kasuwa. Wani sabon yaro ne zai biya, mai akwatin ƙarfe da bokitin da aka rubuta sunansa da fenti.

Mu da muka bar sakandare shekara biyu zuwa uku da suka wuce mun san wannan doka ciki da bai. Abin da ya sa muka ɗauko ta yau shi ne, a kan ɗalibi guda take zaune tare da wata dokar, wadda ita ma kowa ya haddace, har ana cin maki da ita a jarrabawa.

Duk wanda ya yi Islamiyya ya san Hadisi na 13 cikin Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi, wanda Anas ɗan Malik ya ruwaito, Bukhari da Muslim suka fitar. A cikinsa Manzon Allah (SAW) ya rataya cikar imani a kan abu guda: mutum ya so wa ɗan'uwansa irin alherin da yake so wa kansa. Abokanmu Kiristoci da suka je makarantar Lahadi su ma sun haddace tasu, a Matiyu sura 7 aya 12 da Luka sura 6 aya 31, inda Yesu Almasihu ya umarci mabiyansa su duba irin mu'amalar da suke fata daga mutane, su riga mutanen yin ta. A Matiyu har ya nuna cewa Attaura da koyarwar annabawa duk a nan suka tattara.

Yahudawa suna da wani labari mai daɗi a kan haka a littafinsu na Talmud. Wani mutum da ba Bayahude ba ya je wurin wani babban malami mai suna Shammai, ya ce a koya masa Attaura gaba ɗaya yana tsaye da ƙafa ɗaya. Shammai ya ga rainin wayo ne, ya kore shi da sandar awo ta magina. Mutumin ya wuce wurin Hillel, wani malamin da ya rayu a Kudus sama da shekara 2000 da suka wuce. Hillel bai fusata ba. Ya gaya masa kada ya yi wa wani abin da shi kansa ya ƙi, ya ce sauran duk sharhi ne, ya je ya yi karatu. Can ƙasar Sin kuma, Konfushiyas, wanda aka haifa a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani almajirinsa ya tambaye shi ko akwai kalma guda da mutum zai riƙe tsawon rayuwa. Kalmar da ya ba shi ita ce “shu”, wato auna wani da kanka, kuma ya fassara ta kusan yadda Hillel ya yi. Za a tarar da irin wannan magana a Mahabharata ta mabiya addinin Hindu, da kuma cikin koyarwar Buddha.

Turawan Ingila ne suka raɗa mata suna “ƙa'idar zinare” a ƙarni na 17. A 1993, da wakilan addinai daban-daban suka taru a birnin Shikago na Amurka don neman abin da za su iya sa wa hannu tare, wannan ƙa'ida ce ta zama ginshiƙin takardar da suka fitar. Kada a fahimce mu a baibai: wannan ba ya nufin addinai duk ɗaya ne. Limami da fasto duk za su gaya muku akwai bambancin aƙida mai girma, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da muke nunawa kawai shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ya ba siniya lasisin ƙwace abincin ƙaramin yaro.

Ku lura da wani ɗan bambanci. Hillel da Konfushiyas hani suka yi: kada ka yi. Linjila ta ce ka yi. Hadisin kuwa ya shiga har cikin zuciya, ya ce ka so. A ɗakin kwanan ɗalibai, matakin farko shi ne kada ka taɓa sabulun jiniya. Na biyu, in ka ga nasa ya ƙare ka gutsura masa naka. Na uku shi ne mai wuya: in sakamako ya fito ya fi ka maki, ranka ya yi fari kamar kai ne.

Mudu biyu

To, in kowa ya haddace, me ya sa dokar “an yi mana” ce ke mulki bayan an kashe fitila?

Alƙur'ani ya siffanta wannan hali da misalin da duk wanda aka taɓa aika kasuwa zai gane. Suratul Muɗaffifina, sura ta 83, ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo, waɗanda in su za a auna wa sai mudu ya cika har ya yi tozo, in su ne masu aunawa sai su rage. Ba a hatsi kaɗai ake wannan ba. Yawancinmu da mudu biyu muke yawo. In aka zage mu, cin mutunci ne. In mu muka yi zagin, ai wasa ne. In malami ya yi mana bulala a gaban aji, zalunci ne. In mu muka sa jiniya kamun kunne a rana, tarbiyya ce.

Kuma abin ba ƙarami ba ne. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai wajen kashi 48 cikin 100. Ku dubi wanda ke gefenku a benci, ku yi lissafin da kanku.

Mun san amsar da siniyoyi ke bayarwa, don mun sha jin ta: wahalar ce ke sa yaro ya zama namiji, ita ce ke koya wa yarinya aiki. Ba mu musa cewa makaranta tana buƙatar tsari ba. Shara da wanke banɗaki da zuwa aji a kan lokaci wajibi ne, kuma dole wani ya tsaya a kai. Amma akwai abin da ke tona asirin wannan amsa. Ranar da ƙanen siniya uwa ɗaya uba ɗaya ya shigo aji ɗaya, me siniyan yake yi? Ɗaki-ɗaki zai bi yana gaya wa abokansa: “Wannan ƙanena ne, don Allah a ɗaga masa ƙafa.” Da wahalar alheri ce, ai ƙanensa zai fara ɗora wa ita. Ashe ya san abin da yake yi. Mudun gida daban, na waje daban.

Wannan dabara ta tuna wa mutum nasa, tsohuwa ce. Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama cewa wani saurayi ya zo wurin Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Mutanen da ke wurin suka taso masa da tsawa. Annabi (SAW) ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya shiga yi masa tambayoyi: ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar'uwarsa, da goggonsa, da innarsa. Kowace tambaya saurayin sai ya rantse ba zai so ba, a nuna masa cewa sauran mutane ma haka suke ji game da nasu. Daga ƙarshe Annabi (SAW) ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Babu duka, babu kora. Saurayin ya zo da amsar a cikin ƙirjinsa, tambaya ce ta fito da ita. A ganinmu duk wanda ke da ƙane ko ƙanwa a gida ya kamata ya riƙe wannan hanya. In ƙanwarki ta ƙwace alewar 'yar maƙwabta, kafin ki ɗaga hannu ki tambaye ta yadda ta ji ranar da aka ƙwace tata, ki kuma jira ta ba ki amsa.

Mun ce ƙane da ƙanwa ne da gangan, don ku da kuke karanta wannan shafi kun riga kun zama malamai, ko kun sani ko ba ku sani ba. A 2006 wasu masu bincike biyu a birnin Laifzig na Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, sun gwada yara 'yan wata 18. Babba zai yi kamar yana shanya, sai maƙalin shanya ya suɓuce masa, ya miƙa hannu ya kasa kaiwa. Yaran da ko magana ba su gama iyawa ba sai su tako su ɗauko su miƙa masa, ba tare da an ce su yi ba, ba tare da an ba su lada ba. In kuwa da gangan ya jefar, ba su cika kulawa ba. Wato irin tausayi yana nan a ƙasa tun da wuri. Shi kuma Albert Bandura na Jami'ar Stanford, tun a 1961 ya nuna ɗaya gefen. Ya sa ƙananan yara suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba da aka hura wa iska. Da aka bar su da ita, waɗanda suka ga dukan sun fi sauran dukanta, har da kwaikwayon salon da suka gani. Yaro ba ya jiran wa'azi. Yadda Yaya ke amsa wa almajirin da ya yi bara a ƙofar gida, da sunan da Anti ke kiran 'yar aiki da shi, su ne darasin da ke zama.

Wane ne ɗan'uwan?

A nan ne mutane suka fi samun hanyar zillewa. Kowa zai ce ya yarda ya so wa ɗan'uwansa alheri, sai kuma ya ƙanƙance ma'anar ɗan'uwa har ta koma 'yan garinsu, ko 'yan ajinsu, ko masu zuwa wurin ibada ɗaya da shi. Littattafan da kansu sun toshe wannan ƙofa. A riwayar Muslim ta hadisin Anas an ambaci maƙwabci, kuma maƙwabci ba sai wanda kuke addini ɗaya ba. A wani hadisin na Muslim daga Abdullahi ɗan Amr, inda ake maganar wanda ke son tsira daga wuta, kalmar da aka yi amfani da ita “mutane” ce, ba a ware kowa ba. A Luka sura 10, da wani masanin Attaura ya nemi a fayyace masa wane ne maƙwabcinsa, Yesu ya ba shi labarin matafiyin da 'yan fashi suka yi wa jina-jina a hanyar Yariko. Manyan ma'aikatan Haikali biyu suka gan shi suka ratse. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi, Basamariye ne, daga mutanen da Yahudawa ba sa ga-maciji da su.

Ba sai mun je Yariko ba. Ranar 23 ga Yunin 2018, 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyuka a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar Yelwa, inda Malam Abubakar Abdullahi yake limanci, yana da shekara 83 a lokacin. Ya shigar da mata da yara cikin gidansa, ya sa maza a masallaci. Da maharan suka iso suka nemi ya fito da su, ya ƙi. Ya yi ta roƙonsu, har ya miƙa ransa a madadin nasu, sai da suka juya. Mutum 262 aka lissafa sun tsira a hannunsa, akasarinsu Kiristoci. A Yulin 2019 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ba shi lambar yabo. Amma abin da ya fi tsaya mana a rai a labarin shi ne wannan: filin da aka gina masallacin a kai, Kiristocin yankin ne suka bayar da shi shekaru da dama kafin nan. Waɗanda suka bayar ba su san wa zai ɓuya a ciki ba. Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Akwai gyara guda da ya kamata a yi wa masu ɗaukar ƙa'idar a kan harafinta. Abin da kake so ba lallai shi wani yake so ba. Kai ƙila kana jin daɗin a tsokane ka a rama, ita kuwa yarinyar da ke zaune a bayan aji, in aka kira ta da sunan da ya shafi in'inarta ko launin fatarta, ranar ba za ta ci abinci ba. Bakano da Bazazzagi suna yi wa juna ba'a, Bafulatani da Babarbare ma haka, a rabu ana dariya, saboda wasan na gado ne, kowa ya yarda, kowa yana da bakin ramawa. Ɗan aji ɗaya ba shi da bakin rama wa ɗan aji shida. Saboda haka ba a tambayar “ni zan so?” kawai. Sai ka sa kanka a shekarunsa, da ƙarfinsa, da kewar gidan da yake fama da ita, sannan ka yi tambayar.

Masu kallo ma suna da kaso. A ƙasar Finlan, Farfesa Christina Salmivalli da abokan aikinta na Jami'ar Turku sun tsara wani shiri mai suna KiVa, wanda aka fara bazawa a makarantun ƙasar a 2009. Ba su tsaya a kan mai cin zali da wanda ake ci wa kaɗai ba, suka juya kan sauran ajin. Hujjarsu ita ce, mai cin zali albashi yake nema, albashinsa kuwa shi ne dariya da shewar 'yan kallo. In aka daina biya, kasuwar takan mutu. Wannan ya shafi guruf ɗin WhatsApp na aji. Wanda ya ɗora hoton wata don a yi mata dariya ya yi laifi, to waɗanda suka jera fuskokin dariya a ƙasa fa?

Saura tambayar da ta fi ciwo. Wanda aka riga aka yi wa fa? Ya yi shekara biyar yana ɗibar ruwa, yanzu da nasa lokacin ya zo a ce ya haƙura? E, haka muke cewa, kuma ba mu ce da sauƙi ba. Sarƙar ba ta tsinkewa sai a hannun wanda ya biya amma ya ƙi karɓa. Ƙa'idar ba ta ce ka yi yadda aka yi maka ba. Yadda ka so a ce an yi maka ta ce. Tsakanin waɗannan biyun akwai asara ta gaske, kuma ajin da ya fara ne zai ɗauke ta.

A Kaduna akwai mutum biyu da suka ɗauki asarar da ta fi ta bokitin ruwa nesa ba kusa ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suna jagorantar ƙungiyoyin matasa masu gaba da juna lokacin rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana da littafin bashinsa. A 1995 wani abokinsu ya haɗa su, ya ce su yi magana. Ashafa ya ce huɗubar wata Juma'a ce ta karya masa zuciya, inda liman ya tuna yadda mutanen Ɗa'ifa suka jefi Annabi (SAW) har ya zubar da jini, bai nemi a halaka su ba. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta a asibiti, Ashafa ya je duba ta. Su biyun suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a Kaduna, kuma bayan rikicin Yelwan Shendam na 2004 suna cikin waɗanda suka zaunar da ɓangarorin biyu har aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya.

Fasto Wuye bai ɓoye yadda abin ya kasance a zuciyarsa ba. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa shekara uku suna aiki tare, suna tafiye-tafiye, wani lokaci ɗaki ɗaya suke kwana, amma in ya dubi hannunsa sai tunanin danne Ashafa da matashin kai ya zo masa. Shekara uku yana kwana da wannan tunani, gari ya waye su tashi su tafi taron sulhu tare.